Bashin Karatu: An Sayi Rakenmu Tun Yana Tsaye

Duk wanda ya tashi a ƙasar Makarfi ko Kudan ya san abin da ake nufi da sayar da rake a tsaye. Manomi ya yi wata da watanni yana fama a fadama, ya yi dashe, ya sa taki, ya yi ban-ruwa, sai wata larura ta faɗo masa tun rake bai ƙosa ba, ko ciwo, ko biki, ko rumbu ya ƙare ana tsakiyar damina. Nan da nan sai ga dillali da kuɗi a aljihu, fuska a sake. Ya zagaya gonar, ya yi mata kuɗi, ya ƙirga ya miƙa. Manomi ya yi godiya har da rusunawa domin an fid da shi kunya. Amma ranar sara, sa'ad da motoci suka yi layi ana loda kaya, sai ka gan shi a gefen gonarsa yana kallo kamar baƙo. Ba wanda ya yi masa ƙwace, da hannunsa ya karɓi kuɗi. Larura ce ta yi ciniki a madadinsa.

To, ni a ganina irin wannan ciniki ne Gwamnatin Tarayya ta zo mana da shi, mu 'ya'yan talakawa, da sunan bashin karatu. Rakenmu shi ne albashin da ba mu fara ɗauka ba, na aikin da ba mu samu ba tukuna. An yi masa kuɗi tun yana tsaye, an kuma ce mu yi tafi.

Bari in fara da faɗin yadda abin yake, don kada a ce na yi wa gwamnati ƙage. Ran 12 ga Yuni, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar ba ɗalibai bashi. Wannan doka ta farko ta ce sai wanda abin da ke shigowa gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ya kawo mutum biyu su tsaya masa, irin su babban ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki. Ina ɗan manomin Gimi ko Pala zai samo lauya ya tsaya masa? Da aka ga abin ba zai yiwu ba sai aka soke ta, aka kafa sabuwa a watan Afrilu na 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗa. Asusun da aka kafa, watau NELFUND, ya fara karɓar takardun neman bashi a watan Mayu na wannan shekarar. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya kuma fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata don cin abinci. Babu ruwa a kan bashin. Ba a fara biya sai an shekara biyu da gama bautar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Wanda ya rasu an yafe masa.

Na san masu kare tsarin za su ce, to mene ne aibu a nan? Bashi ne mai sauƙi, ba riba a ciki, Musulunci ma bai hana irinsa ba, kuma dubban ɗalibai da suka kusa barin karatu sun tsira ta dalilinsa. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Ba kuma zan ce wa kowane ɗalibi kada ya karɓa ba, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Tambayata ita ce, wa ya tura mu cikin ruwan? Kuma don me wanda ya tura mu zai dawo bakin gaɓa yana neman mu yi masa kirari?

A dubi yadda abubuwa suka biyo juna. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur. Bayan mako biyu aka sa hannu a dokar bashi. A cikin 'yan watannin da suka biyo baya jami'o'in Tarayya, irin su Bayero da Legas da Jos, suka ɗaga kuɗin rajista, wasu suka ninka shi sau da yawa. An ce mana wai ba kuɗin koyarwa aka ƙara ba, kuɗin hidimomi ne. Uban da ya sayar da buhun masara don ya biya bai damu da sunan da aka raɗa wa kuɗin ba. Abin da ya sani shi ne bara buhu kaza ya fitar, bana kuwa sai ya haɗa da tunkiya. Ashe ke nan ciwon da maganin tare suka fito daga hannu guda.

Mu a Jihar Kaduna ma mun riga sauran jama'a ɗanɗana wannan. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi ya kafa a 2004, an kafa ta ne don ɗan jiha da bai sami gurbi a Samaru ba ya sami wurin zuwa. A 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ɗaga kuɗinta daga abin da bai kai naira 40,000 ba zuwa naira 150,000 mafi ƙaranci, sauran manyan makarantun jiha su ma aka ɗaga nasu. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, iyaye suka yi kuka, malamai suka yi gargaɗi, ba a saurara ba. Amsar da aka bayar ita ce akwai sukolashif, domin an ɗaga shi zuwa naira 109,000 a shekara. Ko ɗan firamare ya san 109 bai kai 150 ba. Ga shi kuma ba kowa ke samu ba, sai wanda ya cika takarda ta intanet, ya rubuta insha'i da Turanci ya ci. Wa zai fi iya wannan, ɗan da ya yi makarantar kuɗi a Kaduna, ko yaron da ya gama sakandaren ƙauye inda malamin Turanci ɗaya ke zagaya azuzuwa duka? A watan Agusta na 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin, na Jami'ar ya koma naira 105,000, na Kwalejin Nuhu Bamalli ya koma 50,000 daga 100,000, na babbar difloma a Kwalejin Shehu Idris ta Makarfi ya koma 70,000 daga 100,000. Madalla, an yi abin kirki, ba za mu ƙi faɗi ba. Amma wanda aka ɗora wa kaya huɗu aka sauke masa ɗaya, har yanzu uku na kansa.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi. A ɗauki yaro daga Hunkuyi ya shiga Jami'ar Jiha a kan wancan kuɗi na 105,000. A ce kuɗin abinci na wata 10 kawai ya karɓa a shekara, watau 200,000. A shekara ya ci bashin naira 305,000, a shekara huɗu kuwa naira 1,220,000. In Allah ya taimake shi ya sami aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024, za a riƙa cire masa 7,000 a wata. Sai ya shekara 14 da rabi yana biya. A cikin waɗannan shekaru ne zai yi aure, ya kama haya, ya ɗauki nauyin ƙannensa, ya yi jinyar iyayensa, domin ɗan talaka in ya yi digiri ba na kansa ba ne shi kaɗai, na zuri'a ne gaba ɗaya. Ɗan attajirin da suka zauna aji ɗaya kuwa zai fara rayuwa ba a bin sa ko kwabo. Sun sami digiri iri ɗaya, amma ɗaya da tarnaƙi a ƙafa aka sake shi. Ita kuma naira 20,000 ɗin, in ka raba ta kwana 30 ba ta kai naira 700 a rana ba. Kowa ya tafi wajen mai abinci a bakin ƙofar makarantarsa ya tambaya ko za ta ci da shi sau uku da wannan.

Wani zai ce ai darajar naira faɗuwa take yi, kafin lokacin biya ya zo bashin ya zama ba kome ba. Wannan hujja ce mai ban kunya. Watau fatanmu ya zama ƙasa ta ci gaba da lalacewa don bashinmu ya yi sauƙi? Kuma in har asusun ba zai sami kuɗinsa da darajarsu ba, da me zai ba ƙannenmu? An taɓa yin irin wannan. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai bashi a 1972, aka ba da kuɗi, aka kasa karɓo mafi yawansu, hukumar ta durƙushe. A 1993 aka ce za a maye gurbinta da Bankin Ilmi, shi ma bai yi rai ba. In gwamnati ta san kuɗin ba za su dawo ba, ta kira shi tallafi mana, ta sauke wa yara fargaba. In kuwa da gaske za ta karɓa, to ta daina cewa kyauta ta yi mana.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne su wane ne suke yi mana wa'azin cewa ilmi ba ya yiwuwa kyauta. Akasarinsu mutanen da suka yi karatu ne a shekarun 1960 da 1970, zamanin da gwamnati ke bi gida-gida tana roƙon iyaye su ba da 'ya'yansu. An ba su littafi, an ba su tufa, an ba su kuɗin mota, an ba su sukolashif da alawus. A 1977 aka soke kuɗin koyarwa a jami'o'in Tarayya. A watan Afrilu na 1978, da aka ƙara kuɗin abincin ɗalibi daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2 a rana, ɗaliban ƙasar nan suka tashi tsaye a ƙarƙashin Segun Okeowo suna cewa dole Kanar Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilmi, ya sauka. An harbe ɗalibai a Legas, an harbe a Samaru ta Zariya, gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A kan kwabo 50 aka zub da wannan jini. Tsaran waɗancan ɗalibai su ne suka zama gwamnoni da ministoci da sanatoci da shugabannin jami'o'i. Sun hau bene, da suka kai sama sai suka janye tsani, suna leƙowa suna ce mana in muna son hawa akwai igiya ta haya.

Kuma wa ya biya musu? Ba daga sama kuɗin suka faɗo ba. Kakanninmu ne suka biya. Ƙasar Zazzau ƙasar auduga ce, manoman Ikara da Makarfi da Kudan sun shekara aru-aru suna kai ta kasuwar awo, hukumar cinikin amfanin gona tana saye a kan farashin da ta yanka, ƙasa da abin da take sayarwa a Turai, tana ajiye rarar. Da wannan rara ta auduga da gyaɗa, da harajin da dagatai ke tarawa har zuwa 1979 da gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi, aka yi manyan ayyukan Arewa. A cikin irin wannan gumi Sardauna ya buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. Talakan da bai san ko bihim ba a boko shi ya ilmantar da 'ya'yan wasu. Yau jikansa ya zo ƙofar makaranta, sai a ce masa ya sa hannu a takardar bashi. In ana maganar bashi, mu ne muke bi.

Kada kuma a ce mana babu kuɗi. Shekara da shekaru rabon ilmi a kasafin kuɗin Tarayya bai kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali kuwa abin da ƙasashen duniya suka amince a ƙarƙashin UNESCO shi ne kashi 15 zuwa 20. Ita kanta TETFund, wadda kusan duk wani sabon gini da ka gani a jami'o'inmu da kuɗinta aka yi, ta samo asali ne daga yajin aikin malaman jami'a na 1992. A ƙudurorin gyaran haraji na 2024 an nemi a riƙa rage rabonta har ya ƙare a 2030, a karkatar da kuɗin zuwa asusun bashi. Sai da malamai suka yi ca sa'an nan Majalisa ta gyara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana inda aka dosa, watau a daina ba makaranta kuɗi, a ranta wa ɗalibi ya kai mata da kansa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. A Ingila karatun jami'a kyauta ne har zuwa 1998 da aka sa fam 1,000 a shekara. Da yake akwai bashi, a 2006 ya koma fam 3,000, a 2012 ya koma fam 9,000. A Amurka mutum fiye da miliyan 40 ne gwamnati ke bi bashin karatu, jimlarsa ta haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, wasu har sun yi furfura suna biya. Duk inda aka buɗe ƙofar bashi sai kuɗin makaranta ya bi ta ciki ya haye, domin mai ƙarawa ya sami abin fakewa. Amma akwai waɗanda suka juya baya. Jamus ta gwada karɓar kuɗin jami'a, ta ga bai yi ba, jiharta ta ƙarshe ta soke a 2014. A Afirka ta Kudu, bayan boren ɗalibai na 2015, gwamnati ta mai da bashin 'ya'yan talakawa tallafi daga 2018. Don me mu kullum sai mu kwaikwayi abin da ya cuci wasu, mu bar abin da ya amfane su?

An kuma yi ta alfahari wai jami'o'in Arewa, irin su Maiduguri da Bayero, su ne a kan gaba wajen yawan masu neman bashin. Wannan abin kuka ne. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 133 ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa suke. In ka ga layi ya yi tsawo a ƙofar mai ba da rance, ka san yunwa ta shiga gari.

Daɗin daɗawa, bashin yana jiran ɗalibi ne a saman tsani, yaranmu kuwa a ƙasa suke zubewa. Kafin ka nemi bashin sai kana da gurbi a makaranta, da lambar JAMB, da lambar katin ɗan ƙasa, da lambar banki. Wa zai biya wa yaron Kurmin Kogi ko Gazara kuɗin jarrabawar fita sakandare, da na JAMB, da kuɗin mota zuwa inda zai zauna gaban kwamfutar da watakila bai taɓa taɓawa ba? A nan ne ake rasa mafi yawansu, su koma acaba ko su tafi ci-rani. 'Yan mata kuwa nasu ya fi muni. Mu mutane ne da ko gawa aka ajiye sai an tambaya ko akwai mai bin ta bashi kafin a sallace ta. Uba nawa ne a Likoro ko Saulawa zai yarda 'yarsa ta shiga ɗakin miji da bashin miliyan a wuyanta? Da yawa za su ce ta haƙura. Alhali asibitocin ƙauyukanmu ungozoma da ma'aikaciyar jinya suke nema ido rufe, ga kuma kwalejin da ke horar da ma'aikatan lafiya a cikin garin Makarfi.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Na farko, duk makarantar da ke karɓar kuɗin NELFUND a hana ta ƙara kuɗin rajista sai da dalili a fili, don kada bashin ya zama lasin tatsar ɗalibai. Na biyu, Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa sukolashif ɗinta ya riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da kuɗin makaranta, a biya shi a farkon zango, a raba gurabe gunduma-gunduma, a kuma manna sunayen waɗanda suka samu a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma kowa ya gani. Na uku, duk wanda ya ci bashin ya koma ƙauye ya koyar ko ya yi aikin asibiti na wasu shekaru, a yafe masa, domin ya riga ya biya da jikinsa. Na huɗu, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, majalisun Ikara da Makarfi da Kudan su keɓe wani kaso a rubuce don biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin jarrabawa, su kuma riƙa bayyana abin da suka kashe.

Sauran magana tamu ce. Ya ku malamanmu, da yawanku kun ci abincin kwabo 50, kun san daɗin sukolashif. Mun ga tsayuwar da kuka yi a kan TETFund, muna roƙo ku yi irinta a majalisun jami'a ranar da aka kawo takardar ƙarin kuɗi. Ya ku attajiran rake da tumatir da masara na ƙasarmu, ɗaukar nauyin yaro ɗaya daga unguwarku har ya gama bai kai kuɗin kujerar Umara ta nafila ba. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumominmu, ku ji tsoron Allah. An zaɓe ku ne don ku bi mana haƙƙinmu, sai kuka koma buga allunan yabo kuna kai wa 'yan siyasa gida don a sallame ku da na mota. Ku tara sunayen waɗanda suka bar karatu saboda kuɗi a kowace gunduma, ku kai wa kansila da ciyaman da ɗan majalisa, ku tsaya sai an ba ku amsa.

Ɗan'uwana ɗalibi, in ba ka da wata hanya ka karɓi bashin, ka yi karatunka, ka kuma riƙe amana ka biya in ka sami hali. Amma ka karɓa da idonka a buɗe, ka san rakenka ne aka saya a tsaye, kada ka rusuna wa dillali. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba mu shugabanni masu tuna inda suka fito, amin.